Ranar da Mai Kunne Ya Ji Injin Jirgi Ya Mutu

A danginmu kaf, daga masu furfura har masu rarrafe, babu wanda Allah ya ba kunne irin ɗan autan Gwaggo. Ba girman kunnen ake magana ba, ko da yake shi ma girman ba laifi, in yana tafe rana na bayansa har haske kake hangowa ta cikinsu. Ji ake magana. Makanike ne, garejinsa na bayan tashar manyan motoci, inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina karɓar ruwan sama. Mota za ta karyo kwana tun daga bakin titi, shi yana kwance ƙarƙashin wata, ƙafafunsa kawai ake gani, sai ka ji murya daga ƙasa: "Ku ce wa mai farar motar nan boris ɗin tayarsa ta baya ya tafi, ta hagu." A kwance taya a duba, haka ne. Da haka sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa sai Mai Kunne, har matarsa in ranta ya ɓaci.

Yana da wata doguwar sukudireba mai jan mariƙi. In mota ta gagari kowa, sai ya ɗora bakinta a jikin inji yana aiki, ya manna kunne a mariƙin, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma ta jikin bango. Karatunsa duka ɗaya ne, kuma ya maimaita shi har mai shayin bakin gareji ya haddace: inji ba ya canza murya a banza, in ya canza, to wani abu ya lalace ko yana hanyar lalacewa.

Tsoro kuwa, an ce ranar da ake rabonsa yana ƙarƙashin mota bai ji kira ba. Ya taɓa zaro maciji daga bayan lagireto da hannu, ya tambaye shi ko shi ma gyara ya kawo. Ya taɓa kashe wuta a gindin tankar fetur da rigarsa, lokacin da jama'ar tasha suka watse har da guragu a sahun gaba. Mutum ɗaya ce in ta yi gyaran murya yake miƙewa tsaye, ita ce Yaya.

Gwaggo ta rasu yana ƙarami, Yaya ce ta goya shi, ta yi masa wanka, ta zane shi, ta sake goya shi. Ita ta kama hannunsa ta kai shi gareji, ta ce wa mai garejin ko ya koya masa aiki ko ya koya masa zama wuri ɗaya, duk wanda ya samu ta gode. Har gemunsa ya fara fari ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta.

To, Yayar nan ce ƙafafunta suka fara kumbura, fuska ta biyo baya, likitoci suka ce ƙodojinta sun ajiye aiki. Babban ɗanta, wanda ke aiki a wata ƙasa can bayan teku, ya zo ya tafi da ita. Aka ɗora ta a kan injin wankin jini. Ya riƙe ta na wani lokaci, sannan jiki ya fara gajiya da shi, likitocin can suka ce sai dashe, kuma a hanzarta tun zuciyarta na iya ɗaukar tiyata. Ɗan nata aka fara gwadawa, aka same shi da ciwon suga. Dangi muka yi layi a asibiti aka ɗebi jininmu, wasu suna addu'a a fili Allah ya sa ta dace, a ɓoye kuma Allah ne kaɗai ya san abin da suke roƙo. Sakamako ya fito, duk dangin nan babu wanda ya dace sai Auta.

Ranar ya shiga gareji ƙirji a gaba.

"Ƙoda ɗaya tal? Su ɗauki biyun mana, in sun so su haɗa da hanta gyara."

Mai walda, abokinsa na rumfar kusa, ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube shi. "Oga, ka taɓa shiga jirgin sama kuwa?"

"Mota ce mai fiffike, Malam. Me ye a ciki?"

Rabin gareji ne suka raka shi filin jirgi. Ya sha sabon ɗinki, an kankare baƙin man farcensa da kalanzir da sabulu har fata ta yi ja. Ya wuce masu duba fasfo yana raha, ya wuce masu lalube yana ce musu cakulkuli suke masa. Abin ya fara ne a wani dogon lungu mai rufi da ake bi a shiga jirgin. Ƙasan lungun yana ɗan lotsawa, mutane a gaba, mutane a baya, babu tagar da za ka buɗe. Yana kusantar ƙofa kunnensa ya kama aiki ba tare da an sa shi ba. Wani siririn kuka yana fitowa ta wajen wutsiya. Wani huci a saman kai. A ƙarƙashin ƙafa kuma wani abu yana haushi kamar kare a cikin durom, ya yi shiru, ya sake. Mutumin da ya san muryar kowane ƙarfe a gari, yau ga muryoyi sun kewaye shi babu wadda ya sani, kuma babu bonet ɗin da zai ɗaga ya leƙa.

Aka nuna masa kujerarsa a tsakiya, ƙato a dama, ƙato a hagu. Ya ɗaura bel. Yana jin ƙarfen bel ɗin ya ce ƙas, zuciyarsa ta buga wani irin bugu da bai taɓa ji ba, ta tsaya, sannan ta kwasa da gudu. Ya ja numfashi, numfashin ya tsaya a wuya ya ƙi wucewa. Ya sake ja da ƙarfi, nan ma bai kai ƙasa ba, kamar an sauke masa injin tirela a ƙirji an manta. Yatsunsa suka fara yam-yam, leɓɓansa suka mutu, zufa mai sanyi ta jiƙa sabon ɗinkin har baya. Rufin jirgin ya ga yana saukowa. Maganar mutane ta koma can nesa kamar daga ƙasan rijiya. A cikin kansa babu abin da ya rage sai magana ɗaya tana juyawa: mutuwa zan yi, yanzu, a kujerar nan, tun ba a tashi ba. Ya ɗaga ido ya hango ma'aikaciyar jirgi ta ɗora hannu a kan ƙofa za ta jawo ta.

Shi dai bai san yadda ya kwance bel ba. Waɗanda suka gani sun ce ta kan cinyar ƙaton dama ya taka, ya haye wata jaka, ya bi ta ƙarƙashin hannun ma'aikaciyar kamar kifi. A lungun nan aka same shi zaune a ƙasa, takalmi ƙafa ɗaya, ya rungume wani ƙarfe yana haki, yana cewa a kira masa matarsa zai yi wasiyya. Sai da aka tono jakarsa daga cikin kaya kafin jirgi ya tashi, fasinjoji suna ta yi masa addu'o'in da ba a amsawa da amin. A ɗakin shan magani na filin aka auna shi ciki da waje, aka ce lafiyarsa ƙalau, ya tafi gida.

Matarsa ta buɗe ƙofa ta gan shi, ta dafe ƙirji.

"Baban yara, har an cire?"

Ya raɓa ta gefenta. Ya wuce ɗaki ya kwanta da ragowar takalmin a ƙafarsa.

Gareji kuwa sun samu abin yi. Mai faci in ya hango shi sai ya buɗe hannuwa yana karkata kamar jirgi. Mai fenti ya ce zai zana masa fiffike a allon shago kyauta. Da can da shi za a yi dariyar, har ya fi kowa. Yanzu sai ya yi murmushin yaƙe ya shige ƙarƙashin mota, ya daɗe a can ba a jin ƙarar sifana.

Yaya ta kira da yamma. Muryarta ta sirance, tana magana tana hutawa.

"Auta, ka ci abinci?"

"Na ci, Yaya."

"Ƙarya kake. To ka saurara. Ka zauna abinka, ka ji? Kada ka kashe kanka a kan tsohuwa, kana da ƙananan yara. Na ce wa yaron nan ya daina damun ka."

Da zagin sa ta yi da ya fi masa sauƙi. Yana riƙe da wayar har ta yi duhu, sai ga kiran ɗan nata, yana magana ƙasa-ƙasa daga barandar asibiti.

"Kawu, ba ta san na kira ba. Likita ya ce zuciyarta tana gajiya. In aka ƙara jinkiri, ko ka zo ba za su yarda su yi ba."

Abin da ya fi muni, abin nan bai tsaya a filin jirgi ba, biyo shi ya yi. Yana kwance ƙarƙashin mota jirgi zai wuce ta sama, sai ƙirjin ya ɗaure, ya fito da rarrafe yana neman iska a fili. A shagon aski ana ɗaura masa ƙyalle a wuya ya miƙe ya fita da rabin kai. Ya kai ya kawo ba jirgin yake tsoro ba, tsoron yake tsoro. Da safe yana buɗe ido abin da zai fara yi shi ne ya kasa kunne a ƙirjinsa, ya ji ko yau ma zai zo. Kuma duk wanda ya kasa kunne irin nasa, ai sai ya ji wani abu.

Matarsa ce ta ja shi wurin likita, wata mace mai gilashi wadda ba ta gaggawa. Ta saurare shi har ya gama, ta duba hoton zuciyarsa, ta ce:

"Malam, zuciyarka ta fi tawa lafiya. Jikinka ne yake buga ƙararrawar gobara alhali babu wuta. Ba kai kaɗai ba ne, ina ganin masu irinsa kullum. Yana hawa, ya kai ƙarshensa, ya sauko da kansa. Ba ya kisa. Kokawa da shi da gudu su ne abincinsa."

"Likita, na ji mutuwa fa da kunnena."

"Ka ji. Ga ka kuma a zaune."

Ta koya masa jan numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, da sakinsa ta baki ya fi jan tsawo, kamar mai hura shayi. Ta ba shi wata 'yar ƙwaya ya sha kafin ya shiga jirgi. Ya juya ƙwayar a tafin hannu.

"Ba za ta taɓa ƙodar ba?"

"Ba za ta taɓa ta ba."

Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Suna fita ya miƙa wa matarsa, ya ce ƙodar nan yanzu ba tasa ba ce, ajiyar Yaya ce, ba zai zuba mata abin da bai san shi ba. Ta yi magiya, ta yi faɗa, ta kira shi Mai Kunne, ƙwaya dai a saman kabad ta ƙare.

Shi ya riga ya yanke nasa maganin. A ganinsa duk abin da ya faru rashin sanin muryar jirgi ne, kuma babu injin da zai saurara ya gagare shi. Akwai wata hanya da ta bi ta bayan shingen filin jirgi, daidai inda suke ɗaga kai su tashi. Kowace safiya mai walda zai goya shi a babur su je can, ya kama wayar shingen, ya lumshe ido. Farko-farko da jirgi ya taso sai ya tsuguna yana hura shayin likita har ya wuce. A hankali ya fara tsayuwa. Ya koyi kukan da suke yi in ana ɗumama su, da yadda kukan ke kauri ya zama ruri, da yadda rurin ke bi ta kansu ya haye sama ya ƙanƙance har ya ɓace.

"Na gane shi," ya ce wa mai walda wata safiya. "Lafiyayyen jirgi ruri ɗaya yake yi. Daga ya taka totur ba ya sassautawa har ya ɓace."

"Ƙwarai kuwa," in ji mai walda, wanda tsayin da ya taɓa hawa a duniya bai wuce saman tankin ruwa ba.

Babu wanda ya tuna musu cewa a inda jirgi ke ɓace wa mai tsayuwa a bakin shinge, a nan tafiyar na ciki take farawa.

Aka sake yankar tikiti. Wannan karon babu rakiya sai matarsa da mai walda, ya hana kowa sani. Mai karɓar kaya ya dube shi, ya dubi fasfo, ya sake dubansa.

"Malam, kai ne na rannan? To ka sani, in aka maimaita ba za mu ƙara ɗaukar ka ba."

Kujerar bakin hanya aka ba shi. A gefensa wani tsoho ne mai faɗin kafaɗa, tsohon direban tirela, zai je wurin 'yarsa. Shekarun da ya yi a kan inji sun cinye masa kunne, sai an yi ihu yake ji, shi ma da ihu yake amsawa. Ya gaya wa Mai Kunne tarihinsa duka, rabin jirgin suka ji tare da shi. Shi ma da ihu ya samu ya gaya wa tsohon sana'arsa.

Aka jawo ƙofa, ta rufe da wani nauyi da ya ji har cikin haƙoransa. Abin ya taso masa nan take, daga ciki zuwa wuya. Ya damƙe hannun kujera, ya ja ta hanci, ya saki ta baki, idonsa a kan ƙofar. Karen ƙarƙashin ƙafa ya yi haushinsa. Jirgi ya ja da baya, ya juya, ya yi ta rarrafe kamar ba shi da niyya. Sannan ya tsaya cak, kukan ya yi kauri, ya zama ruri, aka manna shi da bayan kujera. A cikin duk firgicin nan sai ya ji wani ɗan sanyi, don wannan muryar ya san ta. Ita ce ta bakin shinge, lafiyayya, ba gargada. Ƙasa ta sake su. Gidaje suka karkace a taga suka koma kamar kwalayen ashana. Yana zufa, amma yana cewa a ransa riƙe haka, riƙe haka, kada ka sassauta.

Sai rurin ya faɗi.

Lokaci ɗaya, kamar an zare ƙafa daga totur. Ƙarar ta koma rabi, hancin jirgin ya sunkuyo, hanjinsa suka taso suka yi iyo. Duk shekarunsa na aiki, inji da ke cikin jan kaya bai taɓa yin wannan muryar ba sai in mai ya yanke masa.

"Ya mutu!" Muryar da ta fito ba tasa ba ce. "Jama'a, inji ya mutu! Mai ya yanke!"

Wata mata a baya ta saki salati da ƙarfi, jariri ya tsala kuka, wani mai kwat da ke karanta jarida ya cusa kai tsakanin gwiwoyi. Mai Kunne ya fizge bel ya miƙe. Ina za shi, shi ma bai sani ba, ƙafafunsa dai ƙofa suke nema. Ma'aikaciyar jirgi tana ɗaure a tata kujerar tana ɗaga murya ya zauna. Bai taka ko'ina ba wani hannu kamar filaya ya kama ƙugun wandonsa ya dawo da shi kujera daram.

"Ina za ka?" in ji tsohon, da muryar da ta kai har wurin matuƙi.

"Baba, injin ya mutu!"

"Wa ya mutu?"

"Inji! Ya saki!"

Tsohon ya ɗora tafin hannu a jikin bangon jirgin. "Ni ba na ji, amma ga shi yana kaɗawa a hannuna. Kai ba makanike ka ce min ba? In ka gama haye tudu da kaya, ci gaba kake da take totur har ƙasa?"

"A'a."

"Me kake yi?"

"Sassautawa... a sa giya."

"To tudun ya gama hayewa, sakarai. Mayar da igiyarka."

Kansa ya karɓi maganar, amma jikinsa ko a kwalar rigarsa. Zuciya tana dukan haƙarƙari kamar za ta fasa ta fita, hannuwa sun ƙage sun lanƙwashe, ganinsa ya tsuke ya koma kamar ta cikin bututu. Tsohon ne ya ɗaura masa bel ɗin. Da fitilar ɗaura bel da ke saman kai ta mutu, ma'aikaciyar ta zo ta durƙusa a gabansa, fuskarta babu wasa babu faɗa.

"Malam, dube ni. Matuƙi yana tambaya ko akwai mara lafiyar da ba zai iya tafiyar nan ba. Tafiyar da tsawo, kuma in muka hau kan teku babu wurin tsayawa. In ba za ka iya ba, yanzu ne za ka faɗa a juya."

A juya. Duk wata gaɓa ta jikinsa ta amsa da i. Ƙasa tana nan kusa, ƙasa mai tauri, da gareji, da ƙofar da mutum zai buɗe da hannunsa. Kalmar tana kan harshensa, buɗe baki kawai zai yi. Ya san kuma in ya faɗe ta, shi ke nan, babu wani jirgin, Yaya za ta kira ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta ci gaba da kira har ranar da ɗanta ne zai kira.

Ya kasa cewa i, ya kasa cewa a'a. Yana ta kokawar jawo iska, tana ƙara guduwa. A nan ne, don ba shi da sauran dabara, ya tuna abin da yake yi wa direbobi faɗa a kai kullum. Mota in ta yi zafi tana tururi, mai gaggawa shi ke kashe ta farat ɗaya, ya danne murfin lagireto zai buɗe, ruwan ya wanke masa fuska. Ba a haka. Gefe ake samu, a bar ta a silo, inji na juyawa a hankali, a cire hannu, ta huce da kanta.

"Baiwar Allah," ya ce da ƙyar, haƙoransa na haɗuwa, "zafi na yi. Kada a juya. A bar ni a silo."

Ba ta san silo ba, amma ta ji kada a juya. Ta dubi tsohon, ya ce mata da ihu ta tafi abinta, yana riƙe da shi.

Ya saki hannun kujerar. Wannan ya fi zaro maciji wuya. Ya bar zuciyar ta yi gudunta, ya bar zufar ta zuba, bai ce wa abin ya tafi ba. Abin ya hau, ya ƙara hawa, ya kai inda ya tabbata yanzu kam rai zai fita, ya ce to fita. Rai bai fita ba. Abin ya tsaya a can sama yana kaɗa shi, ya daɗe, sannan kamar allurar zafi in fanka ta kama, ya fara sauka kaɗan-kaɗan. Yatsunsa suka miƙe. Iska ta wuce wuya ta kai ciki. Sai ya ga ashe kuka yake yi, tsohon kuma yana kallon taga kamar bai gani ba.

Kada wani ya ce daga nan ya warke. Abin ya dawo da jirgi ya shiga gargada a kan teku, kofuna suna rawa. Ya dawo da aka rufe shi a ɗan banɗakin nan mai kamar akwatin gawa a tsaye. Kowane zuwa sai ya ji kamar wannan ne na gaske, kowane zuwa sai ya sake cire hannu ya jira. Ma'aikaciyar ta gane mutumin da take tare da shi, kafin kowace sabuwar ƙara sai ta biyo ta raɗa masa: yanzu za ka ji inji ya ƙara yin ƙasa, sauka muka fara; yanzu za ka ji gurum a ƙarƙashi, tayoyi ne. Tsohon kuwa ya yi barcinsa baki buɗe, kuma a duk jirgin nan minsharinsa ne kaɗai ƙarar da Mai Kunne ya san abin da ya lalace a cikinta.

Da tayoyi suka taɓa ƙasa ƙafafunsa suka ce su sun gama aiki. A keken marasa lafiya aka turo shi, ɗan Yaya yana hango shi ya rikice, ya ɗauka wani majinyacin aka ƙaro masa.

Kai tsaye asibiti suka wuce. Aka ɗaura masa abin awon jini, malamar jinya ta duba, ta canza hannu, ta sake dubawa, ta fita ta kira likita. Ɗan Yaya ya fassara masa: jininsa ya hau sosai, kuma ba a cire ƙodar mai hawan jini. Za a jira a ga ko gajiyar hanya ce. In bai sauka ba, babu aiki.

Nan wani sabon tsoro ya kama shi, mai sanyi, wanda ba ya hawa ba ya sauka. Ya keto teku da ajiyar, a bakin ƙofa kuma a ce ba za a karɓa ba.

Aka kai shi ɗakin Yaya. Ta ragu har ya kusa wuce gadon. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallonsa, tun daga kai har takalmi.

"Ba na ce ka zauna ba?"

"Kin ce, Yaya."

"Tun kana yaro ba ka jin magana. Dubi idonka kamar na wanda aka tono. Jawo kujerar nan. Kwantar da kanka a nan."

Ya kifa kai a gefen katifarta, ƙaton mutum mai furfura a gemu. Ta ɗora hannunta mara nauyi a ƙeyarsa. Ya buɗe baki zai ba ta labarin awon jinin, ta ce ya yi mata shiru. Rana tana tsaka ya yi barcin da bai yi irinsa ba tun ranar da aka ce ya dace, har malaman jinya suna leƙowa su ga wane inji ne aka kunna a ɗakin. Washegari aka auna, jinin ya sauko. Aka bar shi ya ƙara hutawa aka sake aunawa, ya zauna daidai. Likita ya sa ranar aiki.

Ranar, an jera gadajensu a barandar ɗakin tiyata, kowa da 'yar hular leda a ka. Yaya ta juyo da kai a hankali.

"Auta, ba ka jin tsoro?"

"Wuƙa ce fa kawai, Yaya. Kuma a ƙasa za a yi."

Ta fara dariya, tari ya sarƙe ta, malamar jinya ta harare shi. Aka tura nasa gadon gaba.

Ƙodar ta kama aiki tun kafin Yaya ta farfaɗo. Da suka warware, jirgi ɗaya suka hau zuwa gida, shi a bakin hanya yana zufa yana hura iska, ita a gefensa ta riƙe masa wuyan hannu, tana gaya wa duk wanda ya waiwayo ya kalli gabansa, ƙaninta ne.